Ƙiftawar ido, gwajin bakin gado ko manyan na'urori: da wanne za a gane ko mai raunin ƙwaƙwalwa yana cikin hayyacinsa?

Bayan mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, ko na hatsari ne, ko zubar jini a cikin kai, ko tsayawar zuciya da ta yanke wa ƙwaƙwalwa iska na wasu mintuna, doguwar suma ba ta cika wuce mako biyu zuwa huɗu ba. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana yakan buɗe ido. Daga nan ne tambaya mai nauyi take tasowa: wannan da idonsa ke buɗe, yana ganinmu? Yana jin abin da muke faɗa? 'Yan uwa su ce da suka kira sunansa ya ƙifta ido, likita kuma ya ce motsi ne da jiki ke yi da kansa. Sai a rasa abin kamawa. A dogara da abin da ido ke nunawa, ko a matsa a yi gwaji mai tsari a bakin gado, ko a ɗauki wahala da ɗawainiyar kai shi inda ake da manyan na'urori?

Kafin a zaɓa, ya kamata a san abin da ake ƙoƙarin rarrabewa, domin mutum huɗu za su iya kwanciya a jere ido buɗe, kamanninsu ɗaya, halinsu ya sha bamban. Na farko yana farke, yana barci yana tashi, amma babu wata alamar ya san kansa ko abin da ke kewaye da shi. Likitoci Bryan Jennett da Fred Plum suka fayyace wannan hali a 1972, kuma a nan zan kira shi farkawa ba amsa. Na biyu yana da ɗan guntun hayyaci mai zuwa yana tafiya: yau ya bi mutum da ido, gobe shiru. An ware wannan a matsayin hali na daban a 2002. Na uku hankalinsa garau yake, amma jikinsa duka ya shanye in ban da ido, wato kullewar jiki. Na huɗu ba ya motsa ko da ido bisa umarni, amma na'ura tana nuna ƙwaƙwalwarsa tana jin magana tana bi. Shi ne mai ɓoyayyen hayyaci.

Ma'aunan da za a duba

Abu biyar nake ganin sun isa a auna kowace hanya da su. Na farko, in hanyar ta ce akwai hayyaci, nawa za a yarda da ita? Na biyu, in ta ce babu, nawa za a yarda? Waɗannan tambayoyi biyu ba ɗaya ba ne, kuma a tsakaninsu ne mafi yawan kurakurai suke faruwa. Na uku tsada da samuwa. Na huɗu sauƙi da haɗarin da mara lafiya zai shiga. Na biyar ɗorewar sakamako: hayyacin irin waɗannan marasa lafiya hawa da sauka yake yi cikin yini guda, don haka gwajin da ba a iya maimaitawa hoton sa'a ɗaya kawai ya ɗauka.

Zaɓi na farko: lura da ƙiftawar ido

A nan zan fi daɗewa, saboda ita ce hanyar da kowa ke da ita a hannu, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ƙiftawa iri huɗu ce, kowace da abin da take iya faɗa.

Akwai ƙiftawar kare ido. In aka taɓa saman ƙwayar ido da ɗan auduga ko aka ɗiga ruwa, saƙo yana bin jijiyar kai ta biyar zuwa tushen ƙwaƙwalwa, wato ɓangarenta na ƙasa da ke haɗe da laka, ya dawo ta jijiya ta bakwai, fatar ido ta rufe. Saman ƙwaƙwalwa, inda tunani da sani suke, ba shi da hannu a ciki. Abin da wannan ƙiftawa ke nunawa kawai shi ne tushen ƙwaƙwalwa yana aiki. Rashinta ya fi samunta ba da labari: in bayan sa'a 72 da tsayawar zuciya, maganin barci ya fita daga jiki, ido biyu ba sa amsa taɓawa ko haske, wannan yana cikin alamun da likitoci ke haɗawa da wasu su ce raunin ya yi tsanani ƙwarai. Haka kuma ƙiftawar da ake samu in an kawo yatsa da sauri kamar za a tsone ido. Mutane da yawa suna ɗaukarta hujjar gani, amma wani bincike da aka yi a Beljiyam a 2008 kan marasa lafiya 91 masu farkawa ba amsa ya samu kusan rabinsu suna yinta, kuma ba ta nuna wanda zai farfaɗo ba. Wani lokaci ma iskar hannun ce ta taɓa idon.

Iri na biyu ita ce ƙiftawar da ke zuwa da kanta. Ita ce ta jawo hankalin masu bincike a 'yan shekarun nan, kuma da dalili. Da don jiƙa ido kawai ake ƙiftawa, da adadinta bai riƙa canzawa da abin da zuciya ke ciki ba. Wani bincike na 1997 ya ƙirga wa lafiyayyun mutane: wajen sau 17 a minti in suna zaune haka nan, wajen 26 in suna hira, ƙasa da 5 in suna karatu. Mutum yakan riƙe ƙiftawa in ya mai da hankali, ya sake ta a ƙarshen jimla ko in wani abu ya kammala. Tana kuma da alaƙa da sinadarin dofamin, shi ya sa masu cutar Parkinson ba sa ƙiftawa sosai. To in ƙiftawa tana bin hankali haka, me zai hana ta nuna ko akwai hankalin? A 2021 Alfonso Magliacano da abokan aikinsa na Italiya da Jamus suka ba da rahoton cewa masu ɗan guntun hayyaci sun fi masu farkawa ba amsa yawan ƙiftawa in suna hutawa, kuma yawan yana tafiya da makin da suka samu a gwajin bakin gado. Labari ne mai ƙarfafa gwiwa, amma marasa lafiyan da aka duba ba su da yawa, kuma wani aikin da ya riga shi a Italiya, a 2005, ya ga akasin haka: ƙiftawa ta yi yawa a farkon rashin amsa, ta riƙa raguwa yayin da ake samun sauƙi. Har yau babu wani adadi da aka amince da shi, wanda za a ce sama da shi hayyaci, ƙasa da shi babu. Ga kuma abubuwan da ke dagula lissafi: bushewar ido, man shafawa na ido, iska mai busowa a fuska, hasken ɗaki, zazzaɓi, shanyewar jijiyar fuska, magungunan sa barci da na farfaɗiya. Akwai ma farfaɗiyar da ba ta girgiza jiki, wadda alamarta kawai rawar fatar ido ce, a ɗauka ƙiftawa ce alhali cuta ce mai neman magani cikin gaggawa.

Iri na uku ya fi ba ni sha'awa, domin ba ƙiftawar ake dubawa ba, dainawarta ake dubawa. In aka tafa hannu da ƙarfi sama da kan mutum, inda ba ya gani, zai zabura ya ƙifta. Wannan aikin tushen ƙwaƙwalwa ne. Amma in aka ci gaba da tafi sau goma a jere, lafiyayye yakan saba ya daina, saboda saman ƙwaƙwalwa ya gane ƙarar ba komai ba ce ya danne zaburar. Masu bincike a Paris suka nuna a 2020 cewa masu ɗan guntun hayyaci sukan daina, yayin da masu farkawa ba amsa suka fi ci gaba da ƙiftawa a kowane tafi har na ƙarshe, kuma hoton ƙwaƙwalwa ya goyi bayan bambancin. Gwajin ba ya cin minti guda, ba ya cin ko sisi. Sai dai ba ya aiki ga wanda kunnensa ya lalace, kuma alama ce mai taimakawa, ba a yanke hukunci da ita ita kaɗai. Kusa da wannan akwai aikin Tristan Bekinschtein na 2009, inda ake kaɗa wani sauti, bayan rabin daƙiƙa a hura iska a ido. Wasu marasa amsa suka koyi fara matse ido da jin sautin tun iskar ba ta iso ba, abin da mutanen da aka sa wa maganin barcin tiyata suka kasa koya. Wannan yana buƙatar kayan aiki, kuma bai fita daga ɗakunan bincike ba.

Iri na huɗu ita ce ƙiftawa bisa umarni, kuma ga inda gizo ke saƙa. Wanda ke ƙiftawa sau 15 a minti yana yi ne kusan kowace daƙiƙa huɗu. In uwa ta ce, "Ɗana, in kana ji na ka ƙifta," ta jira daƙiƙa goma, kusan tabbas za ta ga ƙiftawa, ko ya ji ko bai ji ba. Ba ƙarya take yi ba, abin da ta gani ta gani, amma tambayar ce aka yi ta yadda dole amsa ta zo. Gyaran ba shi da wuya. A fara da zama shiru minti guda ana kallon yadda yake ƙiftawa da kansa. Sannan a nemi abin da ba ya faruwa haka kawai: ya rufe ido ya riƙe har a ce ya buɗe, ko ya ƙifta sau biyu a jere da ƙarfi, ko ya ɗaga ido sama. A maimaita sau huɗu da tazara, a ga ko zai yi aƙalla uku. A sauya umarnin, a ce kada ya rufe, a ga ko zai bambanta. A yi da harshen da ya fi ji, da muryar da ya sani.

In aka samu amsa ta wannan tsari, babu na'urar da ta fi ta daraja, musamman ga mai kullewar jiki. Wannan hali yakan biyo bayan toshewar babbar jijiyar jini da ke ciyar da gaban tushen ƙwaƙwalwa. Hanyoyin umarni zuwa hannu, ƙafa, harshe da fuska sun yanke, amma ɗaga ido sama da ƙasa da motsa fatar ido ta sama sukan tsira, domin cibiyarsu tana can sama da wurin raunin. Ɗan jaridar nan na Faransa, Jean-Dominique Bauby, ya shiga wannan hali a ƙarshen 1995, kuma da fatar idonsa na hagu ya yi shiftar littafi guda, harafi bayan harafi, aka buga shi a 1997 kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa. Wani binciken da aka yi kan masu wannan lalura a Faransa ya nuna cewa a fiye da rabinsu, 'yan uwa ne suka fara gane mutumin yana sane, ba ma'aikatan asibiti ba, kuma a matsakaici an ɗauki wata biyu da rabi kafin a tabbatar. Shi ya sa ba na jin daɗin a yi watsi da maganar mai jinya da cewa son zuciya ne. Mai jinya yana wurin dare da rana, likita kuwa mintuna yake yi. Abin da ya kamata shi ne a ɗauki abin da ya gani a gwada shi da tsari.

A taƙaice kan ma'aunanmu: lura da ido kyauta ce, ba haɗari, ana iya yi kullum. "E" ɗinta tana da ƙarfi in bisa umarni ce mai maimaituwa, ba ta da ƙarfi in ƙirga ce kawai. "A'a" ɗinta kuwa kusan ba ta da nauyi ko kaɗan.

Zaɓi na biyu: gwaji mai tsari a bakin gado

Ma'aunin da aka fi sani a ɗakunan gaggawa shi ne na Glasgow, na 1974, mai maki 3 zuwa 15. Yana da amfani a sa'o'in farko, amma ba a gina shi don wannan tambaya ba: yana ba da maki don buɗe ido, ba ya tambayar ko idon yana bin wani abu. Ma'aunin FOUR na 2005 ya gyara wannan, domin yana neman a duba bin abu da ido da ƙiftawa bisa umarni, har a ɗaga fatar idon da hannu in a rufe take, don haka yana iya kama mai kullewar jiki. Ga wanda ya daɗe kuwa, abin da ƙwararru suka fi amincewa da shi shi ne CRS-R, wanda Joseph Giacino da abokan aikinsa suka sabunta a 2004. Yana duba ji, gani, motsi, baki da murya, sadarwa da kuma farkawa, maki daga 0 zuwa 23, kuma kowane mataki yana da ƙa'idar sau nawa za a gwada da abin da za a ƙirga a matsayin amsa.

Dalilin da ya sa nake fifita shi a kan "ganin likita" kawai yana cikin alƙaluma. A 1996 wani asibitin farfaɗo da marasa lafiya a Landan ya sake duba mutum 40 da aka turo da sunan ba su san komai ba, ya samu 17 suna sane, yawancinsu makanta ko raunin gani ne ya ɓoye su. A 2009 a Beljiyam aka maimaita da CRS-R, aka samu 18 cikin 44. Shekara goma sha uku tsakani, kuskuren bai motsa daga wajen kashi 40 cikin ɗari ba. Ƙananan abubuwa ne ke kawo bambancin. Misali, madubi ya fi yatsa ko fitila jawo ido, saboda fuskar mutum ta kansa tana da ƙarfin jan hankalinsa, don haka wanda bai bi alƙalami da ido ba yana iya bin madubi.

Rauninsa biyu. Yana buƙatar wanda aka horar, da lokaci, wajen rabin sa'a ko fiye. Kuma yi ɗaya ba ya isa. Binciken 2017 daga birnin Liège na Beljiyam ya nuna gwaji ɗaya tak yana kuskure a fiye da kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya, ya ba da shawarar a yi aƙalla sau biyar cikin kamar mako biyu. Wanda ya gwada sau ɗaya ya rubuta "ba ya sane" kamar wanda ya yi sallama sau ɗaya a ƙofar gida ne ya juya ya ce ba kowa. Bayan haka, duk kyawun gwajin, da motsin jiki ya dogara. Wanda hanyoyin motsinsa suka yanke gaba ɗaya ba zai iya cin sa ba.

Zaɓi na uku: na'urar EEG

Wannan ita ce ta manna ƙananan wayoyi a fatar kai don ɗaukar wutar ƙwaƙwalwa. Cikin na'urori ita ce mafi araha da samuwa, ana kawo ta bakin gado, ba zafi, ana maimaitawa. Amfaninta na farko, wanda bai kamata a tsallake ba, shi ne gano ɓoyayyiyar farfaɗiya da ke iya danne hayyaci. Na biyu, ƙwararre yana iya duba yanayin igiyoyin wutar, ko suna canzawa in an kira suna ko an taɓa jiki, da ko akwai tsarin barci.

Akwai kuma mataki na gaba, inda ake sa wa mara lafiya abin ji a kunne ana ce masa ya yi ta buɗe hannu yana rufewa, sannan ya daina, kwamfuta tana duba ko ƙwaƙwalwa ta bambanta umarnin biyu ko da hannun bai motsa ba. A 2019 Jan Claassen a New York ya gwada haka kan mutum 104 marasa amsa a ɗakin kulawa ta musamman, 16 suka nuna suna bi. Bayan shekara guda, kashi 44 cikin ɗari na waɗannan sun kai ga iya zama su kaɗai na wasu sa'o'i a yini, in aka kwatanta da kashi 14 na sauran. Wannan mataki yana buƙatar manhaja da masana lissafi da ba kowace cibiya ke da su ba, kuma motsin jiki ko gumi yana ɓata sakamako.

Wani abin lura: ƙiftawa tana barin babban tambari a rikodin EEG, wanda aka saba gogewa a matsayin datti. Luca Bonfiglio da abokan aikinsa a Pisa ta Italiya suka duba abin da ke biyo bayan tambarin, suka ga kowace ƙiftawa a lafiyayye tana tayar da igiyar wuta a wani sashe na can bayan tsakiyar ƙwaƙwalwa mai alaƙa da sanin kai da muhalli, kuma wannan igiya ta raunana a masu matsalar hayyaci. Ina ganin in ƙiftawa za ta zama ma'auni na gaske nan gaba, ta wannan haɗin da EEG za ta zama, ba ta ƙirga da ido ba.

Zaɓi na huɗu: hoton MRI mai nuna aikin ƙwaƙwalwa

Shi ne ya fi suna. A 2006 Adrian Owen a Kambirij ta Ingila ya sa wata mata 'yar shekara 23, da ta shafe watanni ba amsa bayan hatsarin mota, a cikin na'urar, ya ce ta riya tana wasan tanis, sannan ta riya tana zagaya ɗakunan gidanta. Sassan ƙwaƙwalwarta suka kunnu daidai da na lafiyayyu. A 2010 aka gwada mutum 54, biyar suka iya, ɗaya har ya amsa tambayoyin e ko a'a ta wannan hanya. Babban aikin da ya fito a 2024 daga cibiyoyi shida a Amurka da Turai ya haɗa MRI da EEG: cikin mutum 241 da ba sa bin umarni a zahiri, 60 sun bi a ɓoye, wato ɗaya cikin huɗu.

Amma a cikin wannan aikin akwai adadi na biyu da ba a cika ambata ba, kuma duk mai shirin ɗaukar mara lafiya zuwa nesa ya kamata ya san shi. Cikin mutum 112 da kowa ya ga suna bin umarni a bakin gado, 43 kawai na'urorin suka nuna suna bi. Fiye da kashi 60 cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar suna sane sun "faɗi" gwajin, saboda yana neman a riƙe hankali na mintuna, a fahimci magana, a tuna umarni, a zauna ba motsi. Don haka in sakamako ya fito babu komai, bai ce komai ba. Ga tsada, ga haɗarin fitar da mai na'urar numfashi daga ɗakinsa, ga matsalar ƙarfe a jiki, kuma in aka ba shi maganin barci don ya daina motsi an kashe abin da ake nema. MRI na yau da kullum da CT suna nuna inda raunin yake ne da ko ruwa ya taru a kai, ba wannan gwajin ba ne.

Zaɓi na biyar: PET da bugun maganaɗisu

Waɗannan biyu ba sa neman mara lafiya ya fahimci ko kalma ɗaya. A PET ana allurar sukari mai ɗauke da ɗan radiyeshan a ga yadda sassan ƙwaƙwalwa ke cinsa. Binciken Liège na 2014 ya samu PET ya gane kashi 93 cikin ɗari na masu ɗan guntun hayyaci, inda MRI mai umarni ya gane 45. Ɗayan kuma, wanda Marcello Massimini da abokan aikinsa a Milan suka gina, ana buga wa ƙwaƙwalwa maganaɗisu daga waje, EEG ya ɗauki yadda bugun ya yaɗu: in amsar ta tsaya wuri ɗaya ko ta zama iri ɗaya ko'ina, alamar rashin hayyaci ce, in ta bazu ta sarƙe, alamar akwai.  Waɗannan biyun ne suka fi ƙarfin "a'a" cikin duk hanyoyin, amma cibiyoyin da ke yinsu ƙalilan ne a duniya, PET yana da tsada ƙwarai kuma ba a yawan maimaita shi, bugun maganaɗisu kuma ana taka-tsantsan da shi ga mai farfaɗiya ko ƙarfe a kai.

| Hanya | In ta ce "e" | In ta ce "a'a" | Tsada da samuwa | Haɗari | Maimaitawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙirga ƙiftawa | Rauni | Rauni | Kyauta | Babu | Kullum |
| Sabawa da tafi | Matsakaici | Rauni | Kyauta | Babu | Da sauƙi |
| Ƙiftawa bisa umarni | Ƙarfi, in da tsari | Rauni | Kyauta | Ruɗin kai in ba tsari | Kullum |
| CRS-R sau biyar | Ƙarfi | Matsakaici | Araha, sai horo | Babu | Da sauƙi |
| EEG mai umarni | Ƙarfi | Rauni | Matsakaici | Kaɗan | Ana iyawa |
| MRI mai umarni | Ƙarfi | Rauni | Tsada, ƙaranci | Jigila, ƙarfe | Da wuya |
| PET | Matsakaici zuwa ƙarfi | Ya fi sauran | Tsada ƙwarai | Radiyeshan, jigila | Da wuya |
| Bugun maganaɗisu | Ƙarfi | Ya fi sauran | Ƙalilan ke yi | Farfaɗiya | Ana iyawa |

Wanne ya dace da wa

In kwanakin farko ne, mara lafiya yana ɗakin kulawa ta musamman da magungunan barci a jikinsa, kada ku gina fata ko yanke ƙauna a kan ƙiftawa. Ku tambayi likita ko an duba shi bayan an sassauta maganin, ko an ɗaga fatar idonsa an ce ya kalli sama, da ko an yi EEG don kore ɓoyayyiyar farfaɗiya. Ƙa'idojin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2018 sun gargaɗi likitoci da kada su riƙa faɗa wa iyalai cikin kwana 28 na farko cewa duk irin waɗannan marasa lafiya ba sa tashi, domin da yawa, musamman masu raunin buguwa, sukan tashi daga baya.

In raunin a tushen ƙwaƙwalwa yake, hoton kuma ya nuna samanta lafiya, ƙiftawa da ɗaga ido su ne zaɓi na farko, kuma yau za a fara, ba gobe ba. A tsayar da alama ɗaya ta "e" da ɗaya ta "a'a", a rubuta a manne a gefen gado don kowa ya yi amfani da iri ɗaya, a tabbatar da ita da tambayoyin da aka san amsarsu kafin a shiga waɗanda ba a sani ba. A riƙa gajarta zama, domin ido yana gajiya da wuri.

In ku ne kuke ganin amsa ma'aikata ba sa gani, ku rubuta lokaci, abin da aka ce da abin da ya yi, ku ɗauki bidiyon da ya haɗa da mintin shirun da ya gabaci umarni, sannan ku nemi a yi gwaji mai tsari a sa'ar da ya fi farkawa, ɗayanku yana wurin yana ba da umarnin da bakinsa.

In babu manyan na'urori kusa, ba a rasa mafi yawan abin da ake buƙata ba. Madubi, tafi, umarni mai tsari da maimaitawa sau biyar a ranaku da lokuta daban-daban su ne ke gano kaso mafi girma na waɗanda aka yi wa kuskure. Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin MRI sau ɗaya da CRS-R sau biyar a hannun wanda ya iya, na biyun zan ɗauka.

In an yi duk wannan makonni sun shuɗe ba amsa, a nan na'ura take da wurinta: EEG tukuna, sannan sauran in da hali. Ga wanda raunin ya taɓa ɓangaren hagu inda harshe yake, ko ake zargin kurumta, gwajin umarni ba zai yi masa adalci ba, PET ko bugun maganaɗisu sun fi dacewa. Ga mai raunin buguwa da ke tsakanin mako 4 zuwa 16, ku tambayi likita game da maganin amantadine, wanda gwajin 2012 kan mutum 184 ya nuna yana hanzarta farfaɗowa.

In kuma abin da ke gabanku shawara ce mai girma kan ci gaba da na'urorin riƙe rai ko sauya manufar jinya, babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta isa ita kaɗai, ƙiftawa kuwa ita ce mafi ƙarancin isa. Ana haɗa musabbabin raunin, tsawon lokacin da ya wuce, gwajin bakin gado da aka maimaita, EEG da hoto. Ƙa'idojin 2018 sun sa wata 3 ga raunin rashin iska da wata 12 ga raunin buguwa kafin a kira halin mai ɗorewa. Kafin lokacin da bayansa, a ci gaba da ba shi maganin ciwo in akwai alamar ciwo, a riƙa gaya masa abin da za a yi masa kafin a taɓa shi, maganar makomarsa kuma a fita da ita wajen ɗakin.